Haɗa sautin watsa wasa kai tsaye da kaya masu sauƙin kuɗi: abin da na gani

Mai kallon wasa a Twitch ko YouTube yana iya haƙuri da hoto mai dishi-dishi, amma da wuya ya zauna idan ƙarar harbi a cikin wasan ta binne muryar mai magana. Shi ya sa na fi ba sauti muhimmanci a kan kyamara. Kayan da na tsaya a kansu uku ne: makirfon Samson Q2U, manhajar watsa bidiyo kai tsaye ta OBS Studio, sai Voicemeeter Banana, manhajar haɗa sautuka da rarraba su, idan buƙata ta taso. OBS kyauta ce gaba ɗaya. Voicemeeter kuwa ta kamfanin VB-Audio ce, ana sauke ta a yi aiki, wanda ya ji daɗinta ya ba da gudummawa.

A makirfo kaɗai na kashe kuɗi, kuma kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Q2U irin wanda ake kira dainamik ne, ba ya neman wutar volt 48 da makirfon kwandensa na situdiyo ke buƙata, kuma idan ka kusanto da shi bakinka, muryarka tana rinjayar ƙarar fankar kwamfuta da ƙwanƙwasar madannai. Sharaɗinsa ke nan: kusanci. Ka ajiye shi can nesa a kan tebur, dole ka ƙara masa ƙarfi, duk hayaniyar ɗaki ta biyo. Yana da kafar USB da ta XLR (irin ta kayan situdiyo), har da ramin saka abin sauraro na kunne, inda kake jin muryarka nan take ba jinkiri.

Na kuma gwada wata ƙaramar miksa mai arha, wato na'urar haɗa sautuka, irin mai maɓallan murɗawa. Daɗin taɓa maɓalli da hannu ba ya misaltuwa, amma akwai cikas babba. Yawancin irin waɗannan suna cure duk abin da ya shiga cikinsu su tura wa kwamfuta ta USB a dunƙule, hagu da dama kawai. Muryarka da wasa da hirar abokai sun zama abu ɗaya, babu mai raba su daga baya. Ga kuma wani gunji da kan taso idan sauti ya fita daga kwamfuta ta waya ya sake komawa cikinta. Na ajiye ta.

Abin da ya sauƙaƙa mini aiki shi ne OBS kanta. Tun daga fitowa ta 28, a shekarar 2022, tana iya kamo sautin kowace manhaja daban a kan Windows. Wasa da nasa ma'aunin, manhajar hira ta Discord da nata, kiɗa da nasa. A kan makirfo ina jera matatu uku: mai kashe hayaniya ta RNNoise, sai kwamfiresa, mai danne sautin da ya yi ƙarfi, wajen 4:1 don ihu da raɗa su kusanci juna, sai mai iyakance ƙarfi a ƙarshe domin kada sauti ya fashe lokacin da na ɗaga murya. Jerin yana da tasiri, domin idan kwamfiresa ta riga matatar hayaniya, sai ta ɗago hayaniyar tare da muryar.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce sa wasa ya rusuna wa murya. Kana ɗora kwamfiresa a kan sautin wasan, ka ce mata ta riƙa sauraron makirfo. Da ka buɗe baki wasan ya yi ƙasa, da ka yi shiru ya dawo. A nan ake buƙatar natsuwa wajen saiti: idan ya dawo da gaggawa, masu kallo za su ji sautin yana hawa da sauka kamar numfashi, abin da ke gajiyar da kunne. Ni na fi son ya rusuna kaɗan, ya dawo a hankali. Launukan ma'aunin OBS suna taimakawa ƙwarai: kore har zuwa desibel -20, rawaya daga nan zuwa -9, sama da haka ja. Murya ta zauna a rawaya, wasa ya tsaya a kore.

OBS tana kuma ɗaukar sauti a layuka har shida, saboda haka wanda zai yanka bidiyon daga baya yana samun murya daban da wasa daban. Akwai ma layi na musamman na bidiyon da Twitch ke ajiyewa, wanda ake iya cire kiɗa daga cikinsa, ko da yake wannan ba ya halatta kiɗan da ba ka da izinin sakawa.

To ina amfanin Voicemeeter? Sai lokacin da abin da nake son ji ya bambanta da abin da nake son turawa. Banana tana da mafita uku na zahiri, A1 zuwa A3, da biyu na cikin kwamfuta, B1 da B2. Da su nake tura gyararriyar muryata zuwa Discord ba tare da abokan wasa sun ji kiɗana ba. Tana aiki, amma fuskarta cike take da maɓallai, mai farawa sai ya yi haƙuri, kuma a Windows kaɗai take. Wajibi ne kowace na'ura ta zauna a kan saurin ɗaukar sauti iri ɗaya, kamar 48 kHz, domin cakuɗa shi da 44.1 kan jawo tsattsagewar sauti. Wanda makirfo ɗaya da wasa ɗaya ne gare shi, ba na ganin yana buƙatarta.

Abu ɗaya da har yanzu nake kewa shi ne maɓallin hannu. Ana tsakiyar fafatawa ba ka da sukunin fita daga wasa ka ja ma'auni da linzami. Na rage matsalar da gajerun hanyoyin madannai na OBS, ɗaya na toshe makirfo, ɗaya na toshe kiɗa. Ƙara sauti kaɗan ko rage shi kaɗan kuwa, sai an jira wasan ya lafa.