Shekara ɗaya da ashanar hannu a jikina

Tsakanin ɗana na fari da ƙanwarsa wata 14 ne. Kwanika na yi, kuma duk wadda ta taɓa haɗa goyo da ciki ta san wahalar. Shi ya sa da na haifi ta uku, ranar da na kai ta rigakafin sati 6 na leƙa ɗakin tazarar haihuwa na asibitin unguwarmu, da yardar maigidan.

Na ce wa nas ɗin ai ina shayarwa, nono zai kare ni. Ta ce, "Maman jariri, sai da sharaɗi uku: yarinya ba ta kai wata 6 ba, nono zalla take sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba." Ni kuwa tuni surukata ta fara ba ta ruwa.

Ta nuna mini allurar wata uku-uku, da robar mahaifa, da ashana, wato ɗan tsinken roba da ake sakawa ƙarƙashin fatar damtse don hana ɗaukar ciki, iri biyu: Jadelle mai tsinke biyu ta shekara 5, da Implanon mai tsinke ɗaya ta shekara 3. Na ɗauki Implanon don na san halina da mantuwa. Aka kashe wurin da allura a cikin damtsena na hagu, kafin minti biyar an gama. Ashanar kyauta ce, kuɗin safar hannu da gwajin ciki kawai na biya.

Nonona bai ragu ba, kaina bai yi ciwo ba. Inda ta ba ni wuya shi ne jini. Daga wata na uku sai ɗigo, ya ɗauke kwana huɗu ya dawo, har na rasa yaushe zan yi salla, yaushe zan bari. Nan ne na so a ce an yi mini bayani sosai tun ranar farko, domin mata da yawa kan wannan suke zuwa a cire. Malamarmu ta Islamiyya ta warware mini hukuncin jinin istihala, wato jinin da ba na al'ada ba, nas kuma ta ba ni magani na 'yan kwanaki, ta ce ba alamar cuta ba ce. Wajen wata na bakwai ya lafa.

Yanzu yarinya ta fara tafiya, ni kuma na koma kan keken ɗinkina. In Allah ya yarda sai na yaye ta a shekara 2 zan koma a cire.