Hidimar ejan ɗin karatu a Indiya: daga ofis a Gombe zuwa ranar farko a aji

Ofisoshin da ke nema wa ɗalibai gurbin karatu a ƙasashen waje sun yawaita a Gombe, kuma Indiya na cikin ƙasashen da suka fi tallatawa, musamman jami'o'in kuɗi irin su Sharda da ke Greater Noida, da Integral ta Lucknow, da Lovely Professional da ke Punjab. Yawancinsu suna sayar da abin da suke kira cikakkiyar hidima: admishan, biza, tikiti, tarba a filin jirgi, masauki, har zuwa ranar da yaro zai zauna a aji. "Alhaji, ka kwantar da hankalinka, yaronka na hannunmu," haka ake ce wa uba lokacin biyan kuɗi. Wannan sharhi ya auna hidimar ne da ranar farko ta lakca, domin a ranar ake gane wanda ya yi aikinsa.

Ta fuskar takardu, a ba su haƙƙinsu. Ejan da ya san aiki kan fito da takardar admishan da wuri, ya shirya fayil ɗin biza na ofishin jakadancin Indiya da ke Abuja, ya haɗa tikiti daga filin jirgin Lawanti zuwa Abuja, ko a hau mota zuwa Kano, sannan jirgin Ethiopian ta Addis Ababa zuwa Delhi. Wanda bai taɓa fita ba, wannan kaɗai ya rage masa wahala mai yawa.

Matsala ta farko ita ce katin allurar shawara. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, kuma Indiya na iya killace wanda ya fito daga Najeriya ba tare da ingantaccen kati ba har tsawon kwana shida. Wasu ofisoshin sai ana saura kwana huɗu tafiya suke tuna wa yaro da ita. Ya kamata a yi ta tun ranar da aka miƙa takardun biza.

Babbar matsalar kuwa ita ce makara, kuma a nan ne hidimar ta fi rauni. Zangon farko a yawancin jami'o'in Indiya yana farawa ne a watan Yuli ko Agusta. Biza ta yi jinkiri, ko kuɗin makaranta bai isa da wuri ba, sai ejan ya ce ba komai, ai ana karɓar ɗaliban waje ko sun makara. Gaskiya ne ana karɓarsu. Abin da ba ya faɗi shi ne dokar halartar aji ta kashi 75 cikin 100, wadda jami'o'i da dama ke hana zana jarrabawa idan ba a cika ta ba. Zango guda kwanakin karatunsa wajen 90 ne, ke nan abin da aka yafe wa ɗalibi bai wuce kwana 22 ba. Wanda ya iso bayan mako uku ya riga ya cinye 15, in ana karatu ranar Asabar ma 18, matuƙar jami'ar daga ranar buɗe zango take ƙirgawa. Sauran 'yan kwanakin zazzaɓi ɗaya ya isa ya lashe su. Ejan na kirki zai samo rubutacciyar amsa daga ofishin ɗaliban waje kan ranar da za a fara ƙirga wa yaro, kafin a yanki tikiti. Kaɗan ne ke yin haka, alhali imel ɗaya ne.

Sai safiyar ranar kanta. Takardar admishan ba ta shigar da mutum aji. Sai ya je ofishin ɗaliban waje da asalin takardunsa na WAEC ko NECO, da fasfo, da hotuna, da rasit ɗin kuɗin makaranta, a tantance, a ba shi lambar rajista, a saka shi a rukuni, sannan a buɗe masa shafinsa na intanet inda jadawalin lakca yake. Wanda bai gama wannan ba zai iya zama a aji tun safe har yamma, malami ya kira suna bai ji nasa ba, a rubuta bai zo ba. Kuma kowace lakca da nata kiran sunan. A lokacin da yaro ke tsaye a bakin aji ƙarfe 9:00 na safe yana neman wanda zai tambaya, ƙarfe 4:30 ne na asuba a Gombe, domin Indiya na gabanmu da awa huɗu da rabi. Wayar ejan a kashe take. Saboda haka ofishin da ba shi da wakili a cikin jami'ar, ko da tsohon ɗalibi ne ɗan gida da ake biya, bai cancanci ya kira hidimarsa cikakkiya ba.

Akwai kuma rajistar baƙi ta FRRO, wato ofishin gwamnatin Indiya mai kula da rajistar 'yan ƙasashen waje. Mai bizar da ta wuce kwana 180 dole ya yi ta cikin kwana 14 da sauka, ta intanet ake yi, kuma tana buƙatar takardar shaidar ɗalibta daga jami'a da shaidar masauki. Makara na jawo tara, kuma tana iya dagula sabunta biza daga baya. Kwanakin nan 14 sukan faɗo daidai kan makon farko na karatu, lokacin da kan yaro ya ɗau zafi.

Ƙananan abubuwa ma ba a faɗa wa yara. Soket ɗin Indiya mai zagayayyun ramuka ne, cajar kwamfutarmu mai baki uku masu kusurwa ba ta shiga sai da adafta. Layin waya sai da fasfo da biza da adireshi, ga shi sanarwar canjin aji duk a rukunin WhatsApp ake yin ta. Malamai na koyarwa da Turanci, amma da sauri, wasu kan zarce da Hindi idan bayani ya yi nisa, don haka kujerar gaba ta fi. Juma'a ranar aiki ce, sai a duba jadawali tun ranar farko a ga wace lakca ce ta ci karo da masallaci. Abincin ɗakin kwanan ɗalibai kuma galibi shinkafa ce da wake da gurasarsu ta capati. Ƙullin yaji da garin kunu a jaka na taimakawa a makon farko.

A takardu da biza hidimar ta ci kuɗinta, daga sauka zuwa aji kuma da sauranta sosai. Mai shirin biya ya nemi a rubuta masa ranar buɗe zango, da suna da lambar wanda zai raka yaro ofishin rajista, da wanda zai tsaya kan FRRO, ya kira lambar da kansa tun yana zaune a ofishin. Sannan ya riƙe wani kaso na kuɗin hidima har sai yaro ya turo hoton katin shaidarsa na jami'a da jadawalin da ke ɗauke da sunansa.