Sandar ƙarfe mai zobe da na saya saboda ciwon kwankwaso, bayan wata huɗu

Tunda mutane na ta tambayata inda na samo sandunan nan bari in faɗi yadda na same su, amma sai na ɗan koma baya tukuna. Shekarata 29, ƙwallo nake bugawa kusan kullum da yamma, har filin ƙwallo na Giginya a nan Sakkwato mun sha zuwa wasa, kawai sai wani ciwo ya tsiro min a matsematsi yana saukowa cinya har gwiwa. Na ɗauka targaɗe ne, na je wurin mai ɗori ya murza ni na yi ihu, na sha diclofenac kamar gyaɗa, hoton ƙashi na farko ma bai nuna komai ba. Sai da anka yi MRI, hoton nan mai nuna cikin jiki dalla-dalla, sannan likita ya ce jini ne ya daina isa kan ƙashin cinyata, wurin nan mai kamar ƙwallo da ke shiga cikin kwankwaso, ƙashin na mutuwa a hankali kuma in anka ci gaba da ɗora mai nauyi zai iya lotsewa. Avascular necrosis sunka kira shi. Ya tambaye ni ko ina shan magunguna irin su dexa ko prednisolone, ko giya, ko na taɓa gocewar kwankwaso, duk babu, ashe jinina SC ne, wato wani nau'in sikila, ban sani ba duk tsawon shekarun nan.

To shi ne anka ce in rage taka ƙafar kafin a yanke shawarar aikin huda ƙashi, na shiga wani shagon kayan asibiti na ɗauki sandunan dogarawa na alminiyom guda biyu, masu zobe a damtse. Sun fi na katako masu shiga hammata tsada sosai amma wallahi ban yi nadama ba, ba nauyi, ana ƙara tsayinsu a rage da ɗan maɓalli, kuma in zan buɗe ƙofa ko in gaisa da mutum sandar na nan rataye a hannu ba ta faɗuwa.

Inda sunka ba ni haushi robar ƙasan ce. Sati uku ta cinye, ƙarfe ya fara leƙowa, ran nan wurin alwala a masallacin unguwarmu tayil ya jiƙe sandar ta zame saura kaɗan in zube kan ƙafar mai ciwon, wani dattijo ne ya tare ni yana ta sannu ɗana, sannu. Na koma shagon wai ba su da robar daban sai dai in sayi sabuwar sanda, haba malam. Kuma yaron shagon bai auna min tsayi ba, haka na yi kwana goma kafaɗa na min zugi sai a wurin gashin ƙashi wata ma'aikaciya ta gyara, ta ce mariƙin ya tsaya daidai wuyan hannu in ka miƙe tsaye, ta koya min hawa bene da lafiyayyar ƙafa a gaba, saukowa kuma mai ciwon ke fara sauka tare da sanda.

Zafin Sakkwato ma kun san shi, in ka jingine su a rana lokacin bazara ƙarfen ba ya taɓuwa, tsumma na naɗa a nawa. Ciwon dare ya ragu gaskiya, sallah dai har yanzu a kujera nake yi. Robar kuma daga Kano wani abokina ya aiko min guda huɗu, biyu na ajiye cikin durowa.