Waya, Kyamara ko Kwamfuta: Me Za Ka Saya Don Motsa Mutum Hoto-Hoto?

Akwai salon fim da ake mayar da mutum kamar 'yar tsana. Ya tsaya cak, a ɗauki hoto, ya gusa taku kaɗan, a sake ɗauka. Idan aka jera hotunan sai a gan shi yana sulalewa a ƙasa bai ɗaga ƙafa ba, ko yana shawagi a iska. Masu sana'ar suna ce masa fiksileshan. Norman McLaren ya yi fice da shi a Kanada da fim ɗinsa Neighbours na 1952, wanda ya ci kyautar Oska. A 1986 kuma mawaƙi Peter Gabriel ya kwanta ƙarƙashin gilashi har sa'o'i 16 ana ɗaukar bidiyon waƙarsa Sledgehammer, hoto bayan hoto.

Riƙe waɗannan sa'o'i 16 a ranka kafin ka shiga kasuwa. 'Yar tsana ba ta gajiya, ba ta numfashi, ba ta neman ruwa. Mutum kuwa hannunsa zai fara rawa tun ba a je ko'ina ba. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, amma yawancin masu wannan aiki 12 suke ɗauka, ke nan minti ɗaya yana cin hoto 720. Duk kayan da zai sa jaruminka ya daɗe a sandare yana jira, ko nawa aka saye shi, bai dace da aikin ba.

Waya ita ce mafi saurin aiki. Manhajar Stop Motion Studio tana da ta kyauta, tana da ta kuɗi da ba ta wuce 'yan daloli ba, kuma tana nuna inuwar hoton baya a kan wanda za ka ɗauka, ka ga daidai inda ƙafar jarumi take ɗazu. Nan take za ka kunna abin da ka tara ka ga ko motsin ya tafi. Illar waya ita ce karambani: tana gyara haske da launi da saitin gani da kanta, sai bidiyon ya riƙa walƙiya. Kada ka ɗauki manhajar da ba ta bari ka kulle waɗannan ukun. Ga zafi kuma. Wayar da ta sha rana da aiki sa'a biyu tana iya rage hasken fuskarta ko ta kashe kyamara. Ga mai gajeren bidiyo na TikTok ko tallar kaya, waya ta isa, kuma ni da ita zan ce a fara.

Inda waya ke gazawa shi ne wasan tashi sama. Dabarar ita ce jarumi ya yi tsalle, a ɗauke shi a ƙololuwar tsallen, ya matsa gaba ya sake, sau ɗari ko fiye. Wannan yana son kyamarar da ke amsawa da zarar an danna, da marufi (labulen da ke buɗewa haske ya shiga kyamara) mai saurin rufewa don kada hoton ya yi dishi-dishi. A nan tsohuwar DSLR (babbar kyamara mai madubi a ciki) ta Canon ko Nikon, ko da ta hannu ce, ta fi. Sai dai ka tambayi sau nawa aka danna ta. An ƙera marufin ƙananan kyamarori da yawa don dannawa wajen 100,000, kuma wannan aiki yana cin lissafin da sauri. Kyamarori marasa madubi sun fi sauƙin ɗauka, da yawansu suna da marufin lantarki da ba ya lalacewa da dannawa, amma suna shan batir, kuma kuɗinsu ya fi.

Wani abu da mai shago ba zai faɗa maka ba: lens (gilashin gaban kyamara) na zamani yana buɗe ƙofar haskensa ya tsuke ta a kowane hoto, kuma ba kullum yake komawa daidai inda yake ba. A hoto ɗaya ba a gani, a hoto 720 sai allo ya riƙa ƙyafta ido. Shi ya sa ƙwararru ke ɗora tsohon lens na Nikon mai zoben saita ƙofar haske da hannu a jikin Canon da mahaɗi. Tsohon lens ɗin sau da yawa ya fi sabo araha.

Sai Dragonframe, manhajar kwamfuta da manyan ɗakunan fim irin su Laika da Aardman ke aiki da ita. Kuɗinta wajen dala 300 ne, kuma tana sarrafa kyamara daga kwamfuta, hoto ya faɗo kai tsaye a allo. A cikin ɗaki, inda jarumi ke kwance a tabarma ko gado ana ɗauka daga sama, babu kamarta. A titi kuwa kaya ce: kwamfuta, igiya, tebur, ga rana ta hana ka ganin allo. Idan yawancin aikinka a waje yake, bar kuɗin a aljihu.

Kuɗin ya fi amfani a mazaunin kyamara mai ƙafa uku. Sayi mai nauyi, wanda kansa ke ɗaurewa tam, ba irin na roba da iska ke kaɗawa ba. Idan ya gusa a hoto na 400, duk duniyar da ke bayan jarumi za ta yi tsalle. Haɗa da rimot, don hannunka kada ya taɓa kyamara. Na igiya ya fi na Bluetooth amsawa a kan lokaci. Idan a ɗaki ne, nemi batirin bogi mai jona kyamara da wuta, saboda canza batir a tsakiyar fitowa kan motsa ta. Katin ajiya ma kada ka yi masa rowa: ɗanyen hoto (wanda kyamara ba ta sarrafa ba) mai megabait 25, sau 720, ya kai gigabait 18.

Haske shi ne ya fi ba da wahala. Rana kyauta ce amma ba ta tsayawa. Abin da ka ɗauka a sa'a biyu zai wuce a daƙiƙa talatin, inuwa tana gudu a ƙasa. Wasu suna son hakan. Wanda ba ya so, ya zaɓi ranar da sama ta lulluɓe, ko ranar hazon hunturu da inuwa ke laushi. A ɗaki kuwa, toshe taga, ka yi aiki da fitilun LED masu batir ko na inbata. Fitilar da ke kan janareta tana hawa tana sauka duk lokacin da firji ya tashi, kuma kowane hoto zai nuna. Tun da mutum ne zai zauna a gabansu sa'o'i, LED ta fi tsofaffin fitilu masu zafi, domin gumin da ya tsatso a goshi tsakanin hoto na 50 da na 200 shi ma zai fito a bidiyon yana rarrafe.