Lauyar da ta ƙi karɓar kuɗinmu a Amurka

Jama'ar gida barkanmu da war haka. Kawu dai kun san tasi ya yi ta ja a nan unguwar Bronx ta birnin New York har ciwon baya ya kayar da shi, aka yi masa aiki bai yi ba, zama a kujera ma sai da dabara. Ya nemi kuɗin nakasa tunda shekara da shekaru yana biyan haraji, takarda ta zo ba a amince ba, yana da kwana 60 ya ɗaukaka ƙara. Yawancin mutane haka suke farawa a nan.

Muka nufi wajen lauya da kuɗin adashina a ambulan, irin yadda muka saba. Wallahi matar nan da bayan biro ta turo min ambulan ɗin, ta ce ko sisi ba za ta taɓa ba. Kawu ya juyo da Hausa ya ce "kai yaro, anya wannan ba 'yar damfara ba ce?" Ashe tsarin kenan, lauya ba ya cin kuɗin irin wannan shari'a sai hukumar Social Security mai biyan kuɗin nakasar ta amince, kuma sai an yi nasara, sannan a yankar masa kashi 25 cikin 100 na ariyas ɗin da suka taru, shi ma da iyaka, dala 9,200 tun Nuwamban 2024, kafin nan 7,200 ne. Hukumar ce ke cirewa ta tura masa, ba wani ciniki, kuɗin wata-wata na gaba kuma ba ruwansa da su. In an faɗi shari'ar, ya yi aikin Allah kenan.

Na tuna namu, kuɗin buɗe fayil, kuɗin mota duk ranar zama, a ɗage shari'a ka sake biya. Dokar kare masu nakasa ta Najeriya an sa mata hannu tun 2019, amma wa ya san ƙofar da zai buga?

Kar ku ɗauka aljanna ce fa. Takardun asibiti mu muka biya kuɗin kwafinsu, wannan ba ya cikin lissafin, jira kuwa ya haura shekara kafin alƙali ya saurare shi, ta waya ma aka yi, haya tana cin mu. Ita lauyar jinkirin bai cuce ta ba, ariyas na taruwa kasonta na hawa, ko da yake a gaskiya ta yi aikinta. Abin da ya fi ci min rai zaman kaɗaici, a gida da tuni ɗaki ya cika da 'yan dubiya da kwanukan kunu, nan kowa na wajen aiki.

Alhamdulillahi an yi nasara. Amma ku da kuka fara turo saƙon "Kawu a taimaka" tun kafin kuɗin su shiga, bashin haya za a fara biya, kuma ku dinga kiransa ku tambayi bayan nasa tukuna.