Jagoran da muka biya ya tsere mana a Louvre

Tauraro biyu na ba kamfanin da ya shirya mana zagayen Louvre, babban gidan tarihin da ke birnin Faris, shi ma albarkacin abin da muka gani bayan mun rabu da su ne. Ba zan kama sunan kamfanin ba, irinsu sun cika intanet, kuma duk bakinsu ɗaya: ba bin layi, jagora mai jin Turanci, awa uku cikin natsuwa. Ni kalmar natsuwar nan ce ta ja ni, don da mahaifiyata na je Faris, Hajiya kuwa gwiwa ta daɗe tana damunta. Na biya abin da ya kusa ninka tikitin ƙofa sau uku a kan kowannenmu. Kafin in biya sai da na tura musu saƙo cewa akwai dattijuwa a tafiyar, kuma babban burinmu shi ne sashen kayan tarihin Musulunci. Suka ce ba komai, yana cikin tsari.

Maganar ba bin layi tun a bakin dalar gilashin da ke ƙofar shiga gidan ta warware. Tikiti suka sayo mana a gaba, amma layin binciken jaka kowa sai ya bi shi. Mun yi kusan rabin awa a tsaye. Wannan ban riƙe su da shi sosai ba, tsaro ne, kuma ba su suka kafa shi ba. Da dai sun faɗa tun farko.

Abin da ya ɓata min rai shi ne jagoran. Mu ashirin da wani abu ya tara, ya raba mana na'urar saƙalawa a kunne, ya ɗaga wata 'yar tuta, daga nan sai sauri kamar wanda ya bar tukunya a wuta. Muka hau matakalar nan mai tsawo wadda gunkin mace mai fukafukai marar kai yake tsaye a samanta, Hajiya tana hawa ɗaya bayan ɗaya tana riƙe da hannuna, shi kuwa muryarsa tana ta nisa a kunnena har ta koma shuuu. Sau biyu ina barinta a jikin bango in ruga in tsayar da shi. A na biyun ya dube ni ya ce akwai wata tawaga da ke jiransa da rana. To mu da muka biya na safe fa?

Ga kuma abin da ba wanda ya gargaɗe ni a kai, ko da yake laifina ne da ban yi tunani ba: zauren gumakan Girka da Rum yawancinsu ba sutura. Ka tsaya da mahaifiyarka a gaban irin wannan ana ta bayani dalla-dalla. Ni dai silin na yi ta kallo, silin ɗin ma da nasa zanen. Hajiya ta ja mayafi ta ce, "Kai Babangida, nan ka kawo ni?"

Duk gudun nan ashe don Mona Lisa ake yinsa. Hoton bai fi santimita 77 a tsaye da 53 a kwance ba, yana bayan gilashi, gabansa kuma dandazon mutane kowa ya ɗaga waya. Ba mu yi minti ɗaya a gaba ba aka ce a matsa. In faɗi gaskiya, a nan jagoran ya nuna ya san aikinsa. Ya ba da labarin yadda wani ɗan Italiya da ya taɓa aiki a gidan ya sace hoton a 1911, aka yi shekara biyu ana cigiya kafin a same shi a 1913, kuma satar ce ta ƙara masa suna a duniya. Sannan ya ce mu juya baya. A bangon da kowa ya ba wa ƙeya akwai zanen walimar aure na mai zane Veronese, faɗinsa ya kusa mita goma, shi ne mafi girma a gidan gaba ɗaya. Na ji daɗin wannan, har na fara cewa a raina watakila na matsa wa bawan Allah.

Sai ya duba agogo ya ce an gama, a miƙo na'urori. Awa biyu ba ta cika ba. Na ce sashen Musulunci fa? Ya ce ba ya cikin hanyarsa, ya nuna min wani lungu da tutarsa, ya wuce.

Wata ma'aikaciyar gidan ce ta ga Hajiya zaune a bakin benci tana matsa gwiwa, ta gaya min cewa a ƙasan dalar ana ba da aron keken guragu da kujerar naɗewa kyauta, katin shaida kawai za ka ajiye. Kyauta! Jagoran da ke shiga gidan nan kullum ya ga tsohuwa tana ɗingishi tun safe bai buɗe baki ba. Na sauka na karɓo keken, na tura ta har sashen da muka zo dominsa.

Wurin yana cikin wani tsakar gida da aka rufe da rufi mai ruwan zinariya, yana lanƙwasa kamar mayafin da iska ta ɗaga. A 2012 aka buɗe shi. Ba hayaniya, ba turereniya, kai ka ce ba gini ɗaya ba ne da inda muka baro. Mun ga wani ɗan gwangwani na hauren giwa da aka sassaƙa a Andalus a shekarar 968 domin al-Mughira, ɗan halifan Kurɗuba, aikin ya yi ƙanƙanta har sai ka kusa manna hanci da gilashi. Amma inda muka daɗe shi ne gaban wani babban daro na tagulla da aka yi wa ado da azurfa da zinariya, aikin zamanin daular Mamluk ta Masar, ƙarni na 14. Jikinsa mahaya dawaki ne da mafarauta da namun daji, cikinsa kuma kifaye. Sarakunan Faransa sun riƙa yi wa 'ya'yansu wankan baftisma a ciki, shi ya sa sunan da suke kiransa da shi na Kirista ne. Maƙerin ya sa hannu a jikinsa har sau shida. Na nuna wa Hajiya rubutun, muka haɗa shi a hankali: aikin mu'allim Muhammad ibn al-Zayn, a gafarta masa. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Amin. Allah ya jiƙan maƙeri." Ta ce ko tasoshin Bida da aka yi mata jere da su ba su kama ƙafar wannan ba.

Mun fi awa ɗaya a can, ba wanda ya ce mu matsa. Kuma duk wannan tikitin ƙofa kaɗai ya isa ya kai mu, ba sai da jagora ba. Abin da ke ƙara tunzura ni ke nan duk lokacin da na tuna kuɗin.

Da daddare na rubuta musu ƙorafi, na haɗa da hoton saƙon da suka ce yana cikin tsari. Bayan kwana huɗu suka amsa da cewa sun yi nadama, kuma za su rage min kashi goma cikin ɗari idan na sake yin rajista da su. Hajiya kuwa kwana biyu ta yi a masauki tana gasa gwiwa da ruwan zafi, fadar Versailles da muka shirya zuwa ni kaɗai na je.