Sharhi: Marsandi 450 SEL 6.9 a titunan Kano

Duk wanda ya hango ta a Titin Zoo zai ɗauka irin tsohuwar Marsandin nan ce ta alhazan da, wadda aka yi ta shigowa da ita lokacin da kuɗin man fetur ya fara yawa a ƙasar nan. Ta siffa dai haka ne. Ƙirar W116 ce, wadda kamfanin ya fara fitarwa a 1972, kuma an ƙera irinta fiye da 470,000. Amma cikinsu 7,380 kaɗai ne suka fito da lambar 6.9 a bayansu, tsakanin 1975 da 1980. Ɗaya daga cikinsu ce a hannuna. Kawuna ne ya bar min ita da ya daina tuƙi, ina hawanta yawanci ranar Juma'a da lokutan biki.

Injinta shi ne tushen labarin. Asalinsa na Marsandi 600 ne, wadda shugabannin ƙasashe irin su Idi Amin suka riƙa hawa. Aka faɗaɗa shi ya kai cc 6,834 (kusan lita 6.9, asalin lambar da ke bayanta ke nan), silinda takwas, ƙarfin doki 286, aka sa shi a motar da ta fi waccan ƙanƙanta. Rikicin man fetur na 1973 ne ya sa aka jinkirta fitowarta, da ta fito kuma farashinta a Jamus ya kusa mak 70,000, kuɗin ƙasar na wancan lokacin. Giyarta uku ce kacal, mai canza kanta, amma ba ka jin ta gaza. Idan na fita hanyar Zariya da sassafe na ɗan taɓa totur, ba ta ihu, gabanta ne kawai ke ɗan ɗagawa, sai ka ga motocin zamani suna komawa baya a madubi. Kamfanin ya ce tana kai kilomita 225 a awa. Ban gwada ba, ba kuma zan gwada a hanyoyinmu ba.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne ƙafarta. Babu sifirin na ƙarfe a jikinta ko ɗaya. A kan mai da iskar naitirojin take zaune, cikin wasu ƙwallayen ƙarfe, irin dabarar da Citroën ta Faransa ta yi suna da ita. Ko mutum biyar suka shiga, aka cika but da kaya, da kanta take daidaita tsayinta. Akwai kuma abin ja a gaban direba da ke ɗan ɗaga ta idan za ka haura tudu ko ka shiga lungun da damina ta lalata. Ramin da zai sa adaidaita sahu ta karkace, ita sai ta haɗiye shi kamar raƙumi a kan yashi.

To, a nan ne kuma irinta suka fi halaka a wajenmu. Lokacin da ƙwallayen baya suka mutu ta fara tsalle, wani bakanike ya leƙa ƙarƙashinta ya ce min, "Yallaɓai, ka huta da wahala. Mu cire wannan tarkacen mu sa mata sifirin, injin ma idan kana so akwai na Japan mai sauƙin mai." Da zuciya ɗaya ya faɗa, haka ake yi wa motoci da dama. Sai dai ranar da aka yi mata haka ta tashi daga 6.9, ta koma tsohon bodi kawai. Masu tara tsofaffin motoci a Jamus da Amurka ba fenti suke saye ba, asali suke saye. Abu na farko da za su duba shi ne lambar shasi ta fara da 116.036, ta injin kuma da 100.985, sannan ƙafar tana nan yadda ta fito daga masana'anta. Mai lafiya da takardunta tana kai dala dubu gommai, ta ninka 450 SEL ta gama-gari nesa ba kusa ba. Wadda aka sauya wa inji kuwa, 'yan gwangwan ne ƙarshenta. Na ƙi. Na jira aka aiko min da ƙwallayen daga waje tare da man ƙafar na musamman, domin idan aka zuba mata man burki duk robobin ciki lalacewa suke yi.

Kasuwar Ƙofar Ruwa na taimakawa da fitila, bamba, hannun ƙofa da gilashi, tunda jikinta ɗaya da sauran W116. Kayan inji da na ƙafa kuwa sai oda.

Kano ta yi mata rana ta wani ɓangaren: bushewar iskarmu ta hana tsatsa cin ƙasanta, abin da ya kashe 'yan uwanta da yawa a Turai saboda gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara. Amma zafin rana ya tsattsaga katakon gaban direba, fatar kujerar baya ta sama ma ta bushe. Dole a ajiye ta a rumfa. A watan Afrilu, cikin cunkoson Ƙofar Nasarawa, idona ba ya barin allurar zafi, duk da na sa an wanke lagireto.

Shan mai kuwa babu ɓoye-ɓoye. Tankinta lita 96 ne, a cikin gari kuma da ƙyar lita ɗaya ke kai ni kilomita huɗu ko biyar. Baƙin mai lita 12 take ɗauka. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, sai na yi lissafi kafin in tashe ta. Ba motar kai yara makaranta ba ce, kuma ba zan ba wanda mota ɗaya yake nema shawarar sayenta ba.

Wanda kuwa yake da wata tsohuwar Marsandi a garejin gidansu a Nasarawa ko Bompai, ƙura ta rufe ta tun zamanin mahaifinsa, ina roƙonsa ya buɗe bonet ya karanta lambar shasi da ke jikin ɗan farantin ƙarfen da ke wurin kafin ya kira mai saye.